Pampon Inna Ajuma da Agwagwar da Aka Cire

Ga ta nan ta taso, jama'a, ga ta nan gare ku.

Ta iso mu ji ta, in rezon waya ya bari.

To, ku matso. Mai shayi ya rage wuta, mai waya ya kife ta a cinya, don labarin nan da hawa da gangara gare shi.

Wata Talata da hantsi Inna Ajuma ta yi kokawa da bido, jarkar ɗiban ruwa, bido ya kayar da ita. Ta ciko shi a kogi, ta ɗora a ka, ta kamo gangaren nan na bayan unguwarsu a Gaya. Saura taku goma ta kai tudu sai gwiwar hagu ta ce ita fa nan za ta tsaya. Inna ta zauna ba shiri. Bido ya sauko daga kanta, ya juya, ya gangara yana tuntsure yana amai, bai tsaya ba sai da ya mayar wa kogi ruwansa har ɗigon ƙarshe. Ta raka shi da zagi da Dendanci, don Hausar bakinta ta kasuwa ce, ba ta isar ta in rai ya ɓaci.

Abin da zai ƙona muku rai shi ne wurin da ta faɗi. Daidai saman kanta akwai wani ƙaton allo na ƙarfe a kan ƙafafu biyu. A jikinsa an zana shuɗin pampo yana feshin ruwa, ga wata mace da jan zane ta tara bokiti tana dariya, wushiryarta a waje, ga farar agwagwa a gindin ƙafarta. Matar nan ta jikin allo kuwa ba kowa ba ce, Inna Ajuma ce da kanta.

Shekara tara ke nan da wani babban mutum ya zo unguwar da motoci kat-kat uku. Ba zan kama sunansa ba, ina da jikoki. Mu dai Sarkin Aza Tubali muke ce masa, Allah ya ƙara masa fili, don tun da muka san shi bai taɓa ganin wuri a share ya wuce bai aza masa tubali ba. Ɗaya tak. Na biyu ba aikinsa ba ne. Shi ne shugaban Kwamitin Shayar da Makwabtan Kogi, kuma a ranar ya ce zai kawo ruwa har ƙofar gida in an sami mai ba da fili. Inna ta ba da fegin da marigayi mijinta yake shuka kuɓewa, wanda yake manne da katangarta. Aka kira Alfari mai fenti ya zana ta. Agwagwarta ta ƙi matsawa, Alfari ya gaji da kora ya zana har da ita. Aka kafa allo, aka aza tubali, aka tafa, kat-kat suka juya.

Tubalin nan, in ba ku labari, wata makwabciya ce ta ɗauke shi ta cike murhu da shi. A duk poroje ɗin, wato aikin pampon, shi kaɗai ya kama aiki.

Amma a yi wa manya adalci. Pampon da suka ba mu, shekara tara bai taɓa lalacewa ba. Ba ruwansa da ɗaukewar kuran, wato lantarki, ba ya tsatsa a baki, ba a taɓa yin layi a gabansa ba, mata ba su taɓa faɗa a kansa ba. Rani da damina yana zuba. Ku nuna mini pampo ɗaya a ƙasar nan da ya yi wannan ƙoƙari.

Labarin faɗuwar Inna ya riga ta isa gida, kafin azahar ya isa Dosso. Ɗanta Yacuba, direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kira.

"Inna, wannan karo na uku ke nan."

"Na biyu da rabi. Na farkon santsi ne."

"Ba wasa nake ba. Ƙarshen wata zan zo. In na tarar har yanzu ke ce kike hawan gangaren nan da bido, ki ɗaure kayanki, tare za mu dawo. Na gyara miki ɗaki."

Inna ta san ɗakin. Siminti sama da ƙasa, taga ɗaya tana kallon katangar makwabci. Ba kogi, ba masu wucewa su gaishe ta da fofo, kuma nisan kabarin mijinta kwana ne a tunaninta ko da mota ta ce awa kaɗan ne. Ta ajiye wayar, ta fito ta zauna a ƙofar gida tana matsa gwiwa.

To, a nan ne 'yan fada suka shigo labarin. Kun san allon nan yana kan tudu, kuma a duk unguwar nan ne kawai rezo na ƙetaren kogi yake sauka da ƙarfinsa. Saboda haka kullum bayan la'asar sai matasa, da waɗanda suka ƙi yarda sun daina zama matasa, su taru a inuwarsa da butar shayi da wayoyi. Wani babban kamfanin fim na can ƙasashen sanyi ya buɗe rumbu a cikin waya: ka yi abonma, wato ka biya kuɗin shiga, a ba ka kod, ka buɗe ka kalli abin da ranka yake so. Kod ɗaya suke da shi, na wani ɗan baffan Nazifi da ke Malanbil, kuma mutum goma sha ɗaya ke amfani da shi a ƙasashe uku. In na Kamba ya shiga, na Gaya ya faɗo. In na Gaya ya shiga, mai kod ɗin da kansa sai ya kira ya roƙi a ba shi aro.

Nazifi ɗan kabu-kabu ne, mai 'ya'ya huɗu da furfura uku a gemu. Sadiya tela ce, shagonta na bakin hanya. Ranar da Inna ta faɗi, su biyun nan suna tsakiyar rikici, don kamfanin ya ɗauko wani tsohon desen, irin fim ɗin zane mai motsi da suka tashi suna kallo a kaset, ya sake shi da mutanen gaske. Labarin wata yarinya ce mai fito da jirgin ruwa, da abokinta zalɓe mai ido ɗaya da yawan surutu.

"Wallahi sun kashe mini ƙuruciya," in ji Nazifi.

"Ƙuruciyarka ta rasu tun kafin a yaye Fatuma," in ji Sadiya. Fatuma ce babbar 'yarsa. "Ka dubi ɗinkin rigar yarinyar nan. Ka dubi yadda aka kama kafaɗa. A desen fa buhu aka zana mata."

"Wa ya zo kallon kafaɗa? Zalɓe nake magana! Na da yana da gira, yana ɗaga ta, in ya yi dariya har kai sai ka yi. Wannan kuwa zalɓe ne na gaske, irin na bakin fadamar Tunuga. Yana waƙar biki da fuskar mai zaman makoki."

"Ai sun ce gaskiya suke so."

"Gaskiya? In gaskiya nake so sai in gangara kogi, ga su can tsaye kyauta, ba kod ba rezo. Kuma sun ƙara awa guda a kai, ba su ƙara komai a ciki ba."

"Amma ka kalle shi sau uku."

"Don in tabbatar ba shi da kyau."

Inna tana jin su daga inda take. Ta ce, "Kai Nazifi, wa ya mutu kuke wannan kururuwa?"

Sadiya ta matso ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi gwiwa, sannan ta yi mata bayani a hankali: akwai wasu Turawa masu dukiya, aikinsu shi ne su ɗauko tsohon zane su mai da shi na gaske.

Inna ta daina matsa gwiwa. "Sake faɗi."

"Zane, Inna. Abin da aka zana da fenti tun da daɗewa. Sai su zo su yi shi da mutane masu rai."

"Da duk abin da ke ciki?"

"Duka."

"In akwai ruwa a zanen fa?"

"Ai ruwan ma shi ya fi komai kyau a fim ɗin," in ji Nazifi. "Wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba."

Inna ta ɗaga kai ta dubi allo. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wato akwai masu wannan sana'a a duniya, kuna da lambarsu a aljihu, kuna zaune ƙarƙashin zane shekara da shekaru kuna shan shayi, ba wanda ya gaya musu?"

Fada ta kwashe da dariya, har mai zuba shayi ya ƙone yatsa. Inna ba ta yi dariya ba. Ta jira suka gama, ta ce wa Sadiya ta buɗe waya ta rubuta. Ga abin da ta shifta mata:

"Zuwa ga masu mai da zane gaske. Bayan gaisuwa, da fatan sanyinku da sauƙi. Na ji 'ya'yanmu suna cewa kun taɓa zanen da ba wanda ya roƙe ku ku taɓa, har ran mutane ya ɓaci. To, ga wani nan da muke roƙo. Ba shi da tsawo, ba waƙa a ciki. Pampo ne da mace da agwagwa. Macen tana nan da ranta, ba sai kun nemo ba. Agwagwar ta mutu, amma akwai jikanyarta, kamarsu ɗaya. Pampon ne kawai babu. Ku hanzarta kafin ƙarshen wata. Ajuma, matar da ke cikin hoton."

Sadiya ta juya shi da Faransanci tana share hawayen dariya. Nazifi ya ɗauki hoton Inna a zaune ƙarƙashin allo, bido babu ruwa a gefenta, ya liƙa duka a wurin da masoya fim ɗin suke zuwa su zazzagi juna. Shi a wurinsa raha ce.

Jama'a, kada ku raina mutumin da aka taɓa masa zalɓe. Kafin kwana uku wasiƙar Inna ta zaga inda ko kamiyon Yacuba bai taɓa zuwa ba. Wasu suka ce wannan ne kaɗai sabon fim ɗin da za su yarda a yi. Wasu suka rantse in aka canza agwagwar ba za su kalla ba. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya rubuta dogon bayani cewa kada a taɓa na asali, zanen ya fi daɗi a haka. Shi dai na tabbata pampo yana cikin ɗakinsa. Kamfanin fim bai ce uffan ba. Amma a kusurwar allon akwai wani tambari da rana ta cinye rabinsa, na waɗanda suka ba da tallafin tun farko, kuma wata ma'aikaciyarsu ta gane shi. Takarda ta iso wa Kwamiti: ranar Alhamis baƙuwa za ta zo ta ga pampon da rahoto ya ce yana shayar da gida ɗari uku.

A nan ne za ku san manyanmu ba ragwaye ba ne, lokaci ne kawai ba su cika samu ba. Abin da ya gagara shekara tara, kwana biyu ya ɗauka. Ran Talata Sanusi, ɗan aiken Sarkin Aza Tubali, ya iso da magina. Suka kafa kan pampo a kan dakalin siminti, suka shafe shi da shuɗin fenti. Suka binne tiyo a cikin yashi, suka ja shi har bayan katangar Inna inda tudu ya fi tsawo. Can suka girke ƙaton tano, tankin ajiye ruwa, suka cika shi da ruwa, suka kewaye shi da zana.

Inna ta fito da sandarta, fuska kamar ranar salla. "Sun amsa ke nan?"

"Su wa, Inna?" in ji Sanusi.

"Masu zane."

"E... to, kusan haka."

Ta zaga dakalin sau biyu. "Ɗana, ina ramin? Na ga ba ku haƙa komai ba."

"Na zamani ne, Inna. Ba ya son rami."

Ta gyaɗa kai. Tun da aka ce mata ana magana da Dosso ba waya a jikin bango ta daina musu da zamani. Ta shiga gida ta buɗe kwallar da ke can ƙasa, ta ciro jan zanen nan na ranar da Alfari ya zana ta, wanda ta adana tun lokacin tana jiran ranar buɗe pampo. Ta wanke shi da ruwan da ta tanada don sha, ta shanya.

Ran Laraba Sanusi ya dawo, yana ta sosa ƙeya. Ya tarar da ita tana goge zanen a kan turmi.

"Inna, dama an ce in gaya miki... gobe ki huta a ɗaki. Akwai rana."

"Wa zai tara bokitin?"

"An samo wata. Fa'iza, 'yar ƙanwar uwargidan mai girma. Kin gane, hoton zai tafi ƙasashen waje. An ce ana son fuska sabuwa."

"Fuskar da ke jikin allon ta wace ce?"

"Taki ce, Inna. Amma ta da."

Inna ba ta zage shi ba, ko da Dendanci. Ta ninke zanen, ta ce, "Allah ya ba ta lafiyar gwiwa." Ta shige ta saki labule.

Nazifi da Sadiya suna ƙarƙashin allo, sun ji komai. Suka dubi juna. Tun da aka saki fim ɗin zalɓe, ranar ce ta farko da bakinsu ya zo ɗaya.

Alhamis da safe aka kafa rumfa, aka jera kujeru, aka yayyafa ruwa a ƙasa don kada takalman manya su ɓaci. Ruwan da aka yayyafa kaɗai zai yi wa Inna kwana biyu. Baƙuwa ta iso, mace ce siririya mai tabarau, tana jin Hausa sama-sama, da littafi a hannunta. Sarkin Aza Tubali ya miƙe, babbar riga tana ƙara, ya yi jawabi. Ya gode wa Allah, ya gode wa masu tallafi, ya gode wa kogi da ya ba da haɗin kai. Ya ce pampon nan shekara tara yana aiki ba dare ba rana, sai dai an sake masa fenti don girmama baƙi. Ban ƙaryata shi ba. Ya dai manta bai faɗi wane pampo ba.

Sai ga Fa'iza ta fito cikin koren leshi, farce ja, takalmi mai tsini yana nutsewa a yashi. Yarinya ce mai kunya, Allah ya sani, kallo ɗaya za ka gane turo ta aka yi. Ta ajiye sabon bokiti da takardar shago a jikinsa, ta murɗa kai. Ruwa ya zubo. Aka tafa, masu hoto suka durƙusa.

Da nan aka tsaya da an rabu lafiya. Amma baƙuwa ta ce tana so ta ji ra'ayin jama'a, kuma wani marar rabo ya miƙa mikoro ga wanda ya fi kusa. Nazifi ne.

Ya gyara murya kamar mai kiran salla. "Ranka ya daɗe, mun kalla. An yi ƙoƙari. Ruwan ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma na asali ya fi."

Ya nuna allo da hannu.

"A na asali matar tana da wushirya. Wannan ba ta da ita. A na asali tana dariya kamar wadda ta san nauyin ruwa. Wannan baiwar Allah kuwa tana riƙe da bokiti kamar za ya cije ta. Mu da muka tashi da allon nan, muka yi aure a ƙarƙashinsa, muka haihu, ba za a zo rana ɗaya a canza mana 'yar wasa ba shawara."

Sadiya ta fizge mikoro. "Ni kullum ina bayan sabo, kowa ya sani. Amma jan zane aka zana, wa ya ce a sa koren leshi? Wa ke zuwa ɗiban ruwa da leshi? Sannan abu mafi girma, ranka ya daɗe: ina agwagwar?"

"Ina agwagwar?" in ji fada gaba ɗaya.

Matan unguwa da ke tsaye a rana bayan rumfa suka ɗauka. Yara suka ɗauka. Har wani mai tallan kifi da bai san kan zance ba ya ajiye tire yana tambaya. Sarkin Aza Tubali ya juya wajen mutanensa yana raɗa, "Wa aka ba kwangilar agwagwa?"

Baƙuwa kuwa ta cire tabarau tana dariya har da tari. Ta ce ita ma da desen ɗin zalɓe ta tashi, kuma har yau ba ta yafe musu girar da suka cire ba. Ta ce, "Ina ta asalin? Ita nake so in gani."

Kafin kowa ya motsa, Fa'iza ta tuɓe takalmanta ta riƙe a hannu. "Wallahi tun jiya nake ce musu a bar mata abinta." Ta ruga gidan Inna, ta yi sallama, ta shiga.

Da labule ya ɗaga, Inna Ajuma ce cikin jan zane, hannu ɗaya a kafaɗar Fa'iza, ɗaya hannun ya rungumo farar agwagwa. Ta tako a hankali har gindin allo ta tsaya. Jama'a suka dubi sama, suka dubi ƙasa. Wushiryar tana nan, sai dai ta ƙara faɗi. Aka yi guɗa.

"Sannunku da zuwa," in ji Inna. "A zanen, ruwan ba ya tsayawa. Ko ba haka ba, ranka ya daɗe?"

"Haka ne, Inna," in ji Sarki.

"To, alhamdu lillahi. Mata, ku kawo."

Ashe kowace mace ta zo da bido a bayan zane. Suka jeru har bakin gangare. Na farko ya cika. Na biyu ya cika. Na bakwai ya cika, Sarki ya fara share goshi. Ana tsakiyar na tara pampo ya yi tari, ya yi atishawa, ya tofar da wani abu kamar kumfa, ya yi shiru. A cikin shirun nan sai aka ji murya daga bayan zana, tar da ita:

"Ranka ya daɗe, ya ƙare! A ƙaro, ko in fito?"

Agwagwa ta zame daga hannun Inna, ta je ta shanye ɗan abin da ya taru a gindin dakali.

Ku ba Sarkin Aza Tubali abin da yake nasa: bai faɗi ba, bai gudu ba. Ya karɓi mikoro ya ce, "Jama'a, abin da kuka gani kashi na ɗaya ne. Kashi na biyu yana nan tafe."

"Kai!" in ji Nazifi, ya dafe kai. "Har a nan ma?"

Baƙuwa ta leƙa bayan zana, ta gaisa da Sanusi da ke tsaye da guga, ta dawo ta yi rubutu mai tsawo. Inna ta matsa kusa da ita.

"'Yata, ke ce ta wurin masu zane?"

"A'a, Inna. Ni daga wani wuri nake."

"To, in kun haɗu ki ce musu an gode, sun kamanta. Rami kawai suka manta."

Baƙuwa ta riƙe hannunta ta daɗe ba ta saki ba. Sannan ta juya ta gaya wa Sarki, a gaban kowa, cewa za ta dawo, ba za ta faɗi rana ba, kuma tana so ta tarar da komai a inda ta bar shi.

Saboda haka aka kafa doka: ba mai taɓa pampo, ba mai taɓa tiyo, ba mai taɓa tano. Wa zai riƙa cika shi? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba a amsa irinta a tsaye. Kwamiti ya naɗa ƙaramin kwamiti, ƙaramin kwamiti ya tafi atelye, wato taron bita, na kwana biyar a wani otal inda ruwa ba ya yankewa, don a yi nazari cikin natsuwa.

Ƙarshen wata kuwa bai jira su ba. Yacuba ya kira ran Juma'a da safe ya ce gobe yana hanya. Inna ta zauna a ƙofar gida, ga pampo a gabanta ya bushe, ga tano a bayanta yana ƙara in iska ta buga. Ta dubi gangare, ta dubi gwiwa. Ta dubi inuwar allo, inda tokar shayin jiya take. Ta daɗe tana kallon wurin. Can sai ta tashi ta shiga neman igiyar shanya.

Da la'asar 'yan fada suka iso da buta da wayoyi, suka tarar an zagaye inuwar da igiya. Inna tana zaune a bakin shiga a kan kujera, agwagwa a gefe.

"Inna, lafiya?"

"Lafiya lau. Kun yi abonma?"

"Abonman me?"

"Na zama. Bido ɗaya, cike, a juye a tano. Shi ne kod ɗin."

Nazifi ya buɗe baki. "Haba Inna, inuwa ai ta Allah ce."

"Inuwa ta Allah ce. Filin na mijina ne, fuskar da ke yi muku inuwar tawa ce, rezo kuma a kan kuɓewata yake sauka. Shekara nawa kuna kallo a kaina kyauta?"

Sadiya ta fara dariya. "To Inna, in mutum ɗaya ya kawo, mu sha ɗaya mu shiga da nasa?"

"A nan ba a aron kod."

Nazifi ya dubi wayarsa. A ranar ne kamfanin ya saki tallan wani sabon da za su ɓata, kuma ya riga ya yi alkawarin zaginsa kafin magariba. Ya yi tsaki, ya tayar da babur. Bido huɗu yake ɗauka a sawu ɗaya, gangaren da ke cin Inna rabin safiya shi minti biyar ne. Sauran suka bi shi, masu babur da masu ƙafa. Kafin shayi na biyu ya nuna, tano ya cika har yana tumbatsa.

Asabar da hantsi kamiyon Yacuba ya tsaya a bakin hanya. Ya shigo da igiyoyin ɗaure kaya a kafaɗa. Ya gaida mahaifiyarsa, ta ce ya je ya wanke fuska, ya sha hanya. Ya dubi pampon, ya murɗa da shakka. Ruwa ya zubo. Ya bi sawun tiyo da ido har zana, ya leƙa, ya dawo. Ya ga igiyar shanya, ya ga wani magidanci yana hawowa da bido yana mita a kan girar zalɓe.

"Inna, wa ke cika shi?"

"Masu abonma."

Yacuba ya zauna a kan dakali ya yi dariya har igiyoyin suka zame daga kafaɗarsa. Ya ci tuwo, ya yi azahar, ya koma Dosso shi kaɗai.

Ni dai in kun ga masu mai da zane gaske, kada ku nuna musu hoton hanyar unguwarmu da ke kafe a mararraba. Ta jikin allon ba rami ko ɗaya, gara a bar mana ita haka.

Ƙurunƙus, a kan agwagwa ta tsaya. Inna Ajuma tana nan a gidanta, ta sake shuka kuɓewa a gefen dakali, rabonta da gangare tun ranar. Nazifi da Sadiya sun koma rikicinsu, kowa da bidonsa. Fa'iza takan zo ranar Lahadi ta taya Inna tsinkar kuɓewa, ba takalmi. Sanusi ya bar aiken manya ya koma sayar da tiyo a kasuwa. Baƙuwa ba ta dawo ba tukuna, ƙaramin kwamiti ma haka. Sarkin Aza Tubali ya aza wani tubalin a garin Bana makon jiya. Ramin kuwa har yau ba a haƙa ba.